Sandar da Ige Ba Ta Ajiyewa

A shekarar da gulbi ya yi cikar da ta cinye gonakin shinkafa har gindin kuka, mutanen Tungar Bauna suka wayi gari suka ga wani rafi ya ɓalle daga jikin gulbin ya nufi gabas, inda jiya babu komai sai fadama. Ruwansa fari tas kamar an tace. Can iyakar ganin ido kuma ga wani dutse tsaye ƙiƙam, kansa cikin gajimare, alhali ƙasar nan ko tudun da akuya za ta hau ta yi taƙama babu. Dattawa suka duba, suka ce kowa ya kama kansa, abin da bai zo da sallama ba ba a bin sa.

Mai fiton tungar wani dattijo ne, sunansa Nomau. Shi ke ƙetarar da mutane, yana tsaye a bayan jirgi da gwangwala, wato doguwar sandar tukurwa da ake dogarawa a ƙasan ruwa a tura jirgi. Nomau ba shi da aibu sai guda, ladabi ya yi masa yawa. In ya fara gaisuwa sai tuwo ya huce. Zai tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi jakin da ka sayar bara. An taɓa ganin ya ba tunkiya hanya yana cewa, "Bismillah, wuce."

Matarsa Ige kuwa halinta dabam ne. Tun tana amarya jirgi ya matse mata gwiwar hagu da gaɓa, daga ranar ba ta sake taku ba sai da sanda. Sandar ta kanya ce, baƙa, mai nauyi, an huda kanta an zura maratayin fata wanda take sa wuyan hannu a ciki. Da ita take hawa gaɓa, da ita take auna ruwa kafin ta taka, da ita kuma take nuna mutum in tana faɗa, abin da ba ya yi mata wuya. Al'adar garin, duk mai shiga wajen babba ya tuɓe takalmi ya jingine sanda a ƙofa. Ige takan tuɓe takalmi, sanda kuwa ko gaban hakimi da ita take shiga. In an yi magana ta ce, "Ranar da kuka fara cire ƙafafunku kuna jinginewa a zaure, ni ma zan ajiye tawa."

Ran nan da hantsi tana wanke tukwane a bakin ruwa, sai ga wani dogon baƙo ya sauko mashigi, sanye da farar riga har ƙasa. Ta lura yana taka jiƙaƙƙen yashi amma ba ya barin sawu. Ya yi wa Nomau sallama ya ce, "Mai fito, gida nake so ka kai ni," ya nuna sabon rafin da haɓa.

Ige ta ɗaga sanda ta ce, "Maigida, dubi ƙafafunsa!"

Nomau ya duba, ya gani sarai. Amma ya riga ya amsa sallama, har ya tambayi mutanen gida. Ya ce a hankali, "Haba Ige, ya za a yi in dubi tsabar idon baƙo in ce masa a'a? Yanzu zan dawo." Ya dogara gwangwala, jirgi ya shiga farin ruwa.

Kafin azahar jirgin ya dawo shi kaɗai, ruwa na turo shi, ya daki gaɓa daidai inda ya saba tsayawa. Babu Nomau, babu baƙo, babu gwangwalar da ya tafi da ita. Abin da ya rage a ciki ƙwaryar kwalfe ruwa ce, da tsohuwar gwangwalarsa ta ko-ta-kwana da ke kwance a gefe.

Maza suka taru. Wannan ya ce a yi sadaka, wancan ya ce a jira ruwa ya janye, wani ya ce ai dama shi ya faɗa. Shawara ta yi arha, amma ba wanda ya sa ƙafa a jirgi. Ige ta saurare su har ta ƙoshi, sannan ta ci ɗamara da mayafi, ta soke wuƙar gyaran kifi a ƙugu, ta shiga jirgin. Ta ji tsoro, ba ƙarami ba. Sai dai in ta tuna tsohon nan shi kaɗai cikin aljanu yana ba su hanya, sai haushi da tausayi su danne tsoron.

Wani ya ce, "Ige, ina za ki da ƙafa ɗaya?"

Ta ce, "Inda masu biyu suka kasa zuwa."

Ta tokare gwiwa mai ciwo da gefen jirgi, sandarta na reto a wuyan hannu, ta ɗaga tsohuwar gwangwala ta shiga rafin. Ba ta yi nisa ba ta gane ruwan maƙaryaci ne. Ta hangi yashi kusa-kusa, har tana ƙirga tsakuwa da ido, ta jefa gwangwala da ƙarfinta, sai gwangwala ta zarce ƙasa ba ta taɓa komai ba. Saura kaɗan Ige ta bi ta. A gaba kuma inda ruwa ya yi baƙi kamar rijiya, gwangwala ta daki ƙasa tun bai kai kamu guda ba. Daga nan ta daina duban ruwa. Takan saukar da gwangwala sannu, sai ta ji ta tsaya a kan abu mai ƙarfi sannan ta ɗora nauyinta. Tafiyar ta zama ta hawainiya, amma jirgi na gaba.

Tana shan wata kwana sai ta tarar da wata mace zaune bisa ruwa kamar mai zama bisa tabarma, tana tsefe gashin da ya bi rafin har ya ɓace wa gani. Kifaye na shiga cikin gashin suna fita. Matar ta ɗago ta ce, "Ya ke 'yar Adam, wa ya nuna miki hanyar ruwana, alhali idanun da suka fi naki kaifi sun nutse a nan?"

Ige ta ce, "Ranki ya daɗe, na daina tambayar ido. Gwangwala nake tambaya."

"Me kike biɗa?"

"Mijina. Dattijo ne siriri mai furfura. In ta nan ya bi, na tabbata ya gaishe ki."

Matar ta yi dariya har ruwa ya motsa. Ta ce, "Ya gaishe ni, har ya tambayi lafiyar kifayena ɗaya bayan ɗaya. Wuce, na buɗe miki. Amma ki sani, mulkina iyakarsa bakin yashi. Daga nan ƙasar Sarkin Dutse ce, dokarsa ba ta taka ruwana, tawa ba ta taka ƙasarsa." Ta janye gashinta gefe, jirgi ya wuce.

A gindin dutsen, ko da yake da azahar ta baro gida, ta tarar rana ta tsaya cak a hantsi, ba ta gaba ba ta baya. Ige ta yi abin da kowane ɗan ruwa ke yi ba tare da tunani ba, ta kafa gwangwala a yashin gaɓa ta ɗaure jirgi a jikinta. Ta dogara sanda ta hau tudu. Da ta waiwaya, gwangwalar da ta bushe tun shekaru ta fitar da kore shar a ka.

Gabanta wani daji ne da ba ta taɓa ganin irinsa ba. Itatuwansa miƙaƙƙu ne, wasu kansu a lanƙwashe kamar kwagiri, wasu da zoben ƙarfe a gindi. Ƙarƙashin kowace itaciya mutum na zaune shiru, ga fatake, ga maharba, ga makafi, ga malamai. Ba ɗaure suke ba, amma ba mai fita daga inuwar itaciyarsa. Wani Bafulatani da ke ƙarƙashin wata doguwar gora ya yafito ta da hannu.

Ya ce, "Inna, don Allah kada ki ajiye sandar nan, ko da kunama ce ta hau ta."

Ta ce, "Ba halina ba ne. Me ya faru?"

Ya ce, "A ƙasarmu wanda ya jingine sanda ladabi ya yi. A nan rantsuwa ya yi cewa ya iso gida, ba zai ƙara tafiya ba. Ni saniya na biyo, na ajiye tawa don in sha ruwa da hannu biyu. Kin gan ta nan, har tsuntsaye sun yi sheƙa."

Ige ta ƙara damƙe sandarta. Ta ce, "Ka ga wani dattijo da doguwar gwangwala?"

"Na gan shi, an hau da shi fada. Wannan kuwa, Inna, ko ba a ce ya ajiye ba na san zai ajiye."

Ta ce, "Ni ma na sani." Ta kama hanyar dutse.

Hanyar siririya ce, dama bango, hagu rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Duwatsun da aka jera don takawa kuma ba duka ne duwatsu ba. Na farko da ta ƙwanƙwasa da sanda ya ce ƙwas, ta taka. Na biyu ya buɗe ido guda ya ce, "Wane ne?" ya mirgina ya faɗa rami yana gunaguni. Haka ta riƙa yi, ta ƙwanƙwasa, ta saurara, ta sa ƙafa mai lafiya a sama, sannan ta jawo mai ciwo da sanda tare. Gumi ya jiƙa mata ɗamara, gwiwa na zafi kamar an zuba barkono. Masu barcin da ta tasa suka yi ta zaginta suna gangarawa, ita ma ba ta bar ko ɗaya bai samu amsa ba.

Kusa da ƙoli wata iska ta taso daga ramin, mai murya kamar ta tsoho. Ta ce, "Ya ke mai ƙafa uku, ba ni ɗaya in ba ki hanya." Ta fizgi sandar har yatsun Ige suka buɗe. Sanda ta tashi sama, amma maratayin fata ya riƙe ta a wuyan hannu, ya yanke mata fata har jini. Ige ta kwanta rub da ciki, ta jawo abarta ta danne da ƙirji, ta ce, "Je ki tambayi masu huɗu." Iska ta yi ta kewaya har ta gaji ta koma rami.

A ƙoli ta tarar da fada, an sassaƙa ta daga dutse guda. A bakin ƙofa ga wata sabuwar tukurwa ta yi tsawo tana kaɗa ganye, a gindinta ga takalman Nomau a jere tsaf, kai da kai. Ige ta dube su, hawaye ya zo mata, ta haɗiye shi. Mai tsaron ƙofa kuwa ba kowa ba ne sai dogon baƙon nan mai farar riga.

Ya rusuna ya ce, "Maraba da uwar gida. Ga wurin jingine sanda."

Ta ce, "Na gani, wuri mai kyau." Ta tuɓe takalmi, ta ɗaure su a ɗamara.

Ya tafa hannu, aka kawo ƙwaryar fura mai sanyi, babba wadda ba ta ɗaukuwa sai da hannu biyu. Ƙishirwa kuwa ta kai mata ko'ina. Ta karɓa da hannu biyu, sanda na rataye a wuyan hannu, ta shanye ta miƙa ƙwarya ta ce, "An gode, sai dai tsamin ya yi kaɗan." Ya sake tafawa, wata aljana ta fito da jariri mai idanu kamar garwashi, ta ce, "Goggo, riƙe mini shi in gyara zane." Ige ta karɓe shi, ta yi masa rawa, ya cafki sandar yana ja da ƙarfin ƙato. Ta ɗan mintsine shi a cinya yadda ake yi wa kowane ɗa mai ƙiriniya, ya saki ya tsala ihu, ta mayar wa uwarsa ta ce, "Allah ya raya." Mai farar riga ya matsa gefe.

Sarkin Dutse na zaune a tsakiyar fada, gwiwoyinsa sun kai tsayin rumbu, gansakuka ta fito masa a gemu. A gabansa ga Nomau durƙushe, murya ta dushe, yana cewa, "Ina gajiya, ranka ya daɗe? Ya jama'a? Ya sanyin sama?" Da ya ga Ige sai ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

Sarki ya yi magana, ƙasa ta girgiza. Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, tun da aka aza dutsen nan ba a taɓa shigo mini da sanda a hannu ba. Ba a koya muku ladabi a garinku?"

Ige ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, an koya mana. Ga wanda ya kwashe rabon gidanmu duka nan a gabanka, ka ga inda ya kai shi."

Sarki ya yi dariya, tsakuwa ta zubo daga rufi. Ya ce, "Faɗi buƙatarki."

"Mijina na zo ɗauka."

"Ba mu sace shi ba. Ya iso ƙofa, ya jingine sandarsa da hannunsa, ba wanda ya tilasta shi. A wurinmu wannan rantsuwa ce. Kuma ina son sa, don tun da nake ba wanda ya taɓa tambayata yadda na kwana sai shi."

Mai farar riga ya matso ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ita ma tamu ce. Ta kafa gwangwala a yashinmu, yanzu haka ta zama kurmi."

Ige ta nuna shi da sanda ta ce, "Kai dai ba ka da aiki sai haɗa gurmi. Waccan gwangwalar ta maigida ce, ara na yi, sunansa ke kanta tun ranar da ya sare ta. Wanda kuka riga kuka kama, sau nawa za ku kama shi?"

Sarki ya shafa gemu ya ce, "Ta yi gaskiya." Sannan ya ce, "Doka ba ta tashi, amma tana da ƙofa guda, wadda ba a taɓa buɗewa ba don ba a taɓa biyo kowa ba. In mai sanda ya yarda ya raba tasa da wanda ya ajiye, sai su sauka tare, hannu biyu kan sanda ɗaya. In ɗayanku ya saki kafin jirginku ya rabu da yashina, ku biyun kun zama nawa har abada. In kuwa kika juya yanzu ke kaɗai, ba mai tare ki. Kin yarda?"

Nomau ya ce, "Ige, koma gida. Ni na jawo wa kaina."

Ta ce, "Ai na san kai ka jawo. Miƙo hannu."

Yana kama sandar sai ya ji ƙafafunsa sun saku, kamar wanda aka cire wa mari. Ya miƙe, farin ciki ya kama shi, ya juya zai zube ya dafa ƙasa da hannu biyu don ya yi wa Sarki ban kwana yadda ya kamata. Ige ta danne hannunsa da nata a kan sanda, ta ce ta cikin haƙora, "In ka saki, wallahi kafin aljanu su taɓa ka ni zan fara." Nomau ya yi sallama a tsaye, abin da ya fi masa hawan dutsen ciwo.

Sauka ta fi hawa wuya. Nomau bai taɓa sauka daga abin da ya fi gaɓar gulbi tsawo ba, hannunsa kuwa abu ɗaya ya sani. Suna fara gangara sai ya kai sandar baya ya tura, yadda ya saba tura jirgi. Suka tafi suuu su biyu, tsakuwa na gudu a ƙarƙashinsu, bakin rami na matsowa. Ige ta fizgo sandar gaba da iyakar ƙarfinta ta soke ta cikin wata tsaga. Suka tsaya, ƙafar Nomau ɗaya na lilo a sarari.

Da numfashi ya dawo ta ce, "Maigida, wannan ba jirgi ba ne! A gangara sanda ke fara sauka, sai ƙafa mai ciwo, sai mai lafiya."

Ya ce, "To ni wacce ce mai ciwon?"

Ta ce, "Duka biyun. Bi ni kawai."

Suka ci gaba kafaɗa da kafaɗa. Su ƙwanƙwasa dutse tare, su saurara, su sauke sanda, su bi ta. Iskar rami ta sake tasowa, ta tarar da hannu biyu maimakon ɗaya, ta yi tsaki ta koma. Da suka ratsa dajin sanduna, mutanen da ke zaune suka miƙe a inuwoyinsu suna kallo, Bafulatanin nan ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya kai ku, Inna!"

A bakin ruwa suka tarar da aiki. Gwangwalar da Ige ta kafa ta zama kurmin tukurwa, saiwoyinta sun jawo rabin jirgin kan yashi suna naɗe shi. Mai farar riga kuma ya riga su isowa, yana tsaye ya harɗe hannu yana murmushi. Ige ta zaro wuƙa da hannun da ba ya riƙe da komai, ta yanke igiya, ta bi saiwoyin tana datsewa, Nomau na yaye su da nasa. Suka shiga jirgin da baya-baya, sanda a tsakaninsu. Babu gwangwala, babu filafili. Abin turawa ɗaya ne, shi ne sandar kanya.

Nomau ya gyara tsayuwa, muryarsa ta canza. Ya ce, "Ige, nan kuma fagena ne. Kada ki tura da hannu. Ki kwantar da nauyinki duka a kanta, mu tafi tare."

Suka kafa bakin sandar a gaɓa suka kwanta a kanta. Jirgi ya yi ƙara, yashi na gurzar cikinsa. Sandar ta huda yashi ta shige lakar da ke ƙasa har rabi. Jirgi ya ja baya, hannuwansu suka fara miƙewa.

Nomau ya ce, "Ba yanzu ba." Da tafin ƙafa yake sauraron jirgin. "Ba yanzu ba, har yanzu yana gurza."

Hannuwansu suka miƙe iyaka, yatsun Nomau suka zame har saura biyu. Sai gurzar ta ɗauke, jirgi ya yi lumui a kan ruwa.

Ya ce, "Saki!" Ya saki.

Ige ba ta saki ba. Ta ja sandar don ta zare ta, laka ta ƙi bayarwa. Ta sake ja, sai jirgin ya fara komawa gaɓa, sababbin saiwoyi na miƙo kai ta cikin yashi, mai farar riga ya tako gaba. Tun tana amarya sandar nan ke hannunta, ta fi sanin tafinta fiye da kowa, zuciyarta ta ƙi.

Nomau ya ce, "Ige! In laka ta riƙe gwangwala, ko ka bar mata ko ta haɗa da kai. Saki!"

Ta dubi sandar, ta dubi tsohon da ta hau dutse dominsa. Ta murɗa wuyan hannu ta zare shi daga maratayin. Jirgi ya tsaya saura ɗan yatsa ya taɓa yashi, ruwa ya kama shi ya juya da shi. Mai farar riga ya kai hannu, ya tsaya a bakin ruwa kamar wanda ya ci karo da bango. A bayansa sandar ta yi toho, ta yi rassa, kafin su sha kwana ta zama ƙatuwar kanya. Daga saman dutse suka ji dariyar Sarki na gangarowa kamar tsawa.

Ige ta rangaɗa guɗa har tsuntsayen kurmi suka tashi. Matar da ke bisa ruwa ta ɗaga musu matsefi, ta saki igiyar ruwanta ta ɗauke su, Nomau na gyara kan jirgi da ƙwaryar kwalfe ruwa. Suna fitowa cikin gulbi rafin ya rufe a bayansu, fadama ta koma fadama, dutsen ya narke cikin gajimare. Rana ta yi tsalle ta koma la'asar.

Duk Tungar Bauna na gaɓa. Mata suka ɗauki guɗa, makaɗi ya ɗauko kalangu, mazan da suka ba da shawara kowa na cewa ai dama ya san za ta iya. Jirgi ya taɓa gaɓa. Ige ta yunƙura za ta tashi, hannunta ya lalubi gefe bai tarar da komai ba. Ta dubi wuyan hannun, ga farin zobe inda fata ta kwanta shekara da shekaru, ga sabon yanka a kansa. A nan ne hawayen da ta haɗiye a ƙofar fada ya zubo, tana yi tana dariya.

Nomau ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Ige, na sa kin yi asarar sandarki."

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Kanya na nan cike da daji, gobe ma a saro wata. Irinka ne ba a sassaƙawa. Miƙo kafaɗa."

Ya miƙa. Ta dafa shi da dukan nauyinta, jama'a suka dare biyu, suka hau gaɓa tare ana kiɗa.